Mariƙin Alƙalami: Sabon Kayan Aiki da Sunansa a Hausa



Wanda ya bar Sakkwato ya nufi Shagari, tilas ya ratsa ƙasar Boɗinga, inda Sifawa take. A Sifawa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa yana wallafa har shekarar 1815, ƙanensa Abdullahi kuwa yana Boɗinga. Duk abin da aka rubuta a wannan zamani da alƙalamin kara ko na gamba aka rubuta shi. Malami da kansa yake feƙe shi, ya tsaga bakinsa, ya haɗa tawadarsa da ƙaro. Watau a wannan ƙasa mai aiki ya daɗe yana yi wa kansa kayan aiki.

Yau akwai injin sassaƙa katako wanda kwamfuta ke sarrafawa. Asalin irin wannan fasaha daga Amurka ne, inda aka nuna ta a jami'ar MIT a 1952. Akwai ma wanda ake riƙewa da hannu, kamar Shaper Origin: mutum na tura shi, shi kuwa yana duban katakon da kyamara, yana gyara wa ƙarfen yankan hanya. To, amma abin da aka yanka ya yanku, ga katako da tsada. Shi ya sa masu dabara sukan ɗaura wa injin alƙalami mai tawada a gurbin ƙarfen, ya zana fasalin tukuna a gani.

Abin da zai riƙe alƙalamin bai fi ƙarfin kafintan Boɗinga ko na Shagari ba. Za a cire motar injin, a sassaƙa guntun icce mulmulalle daidai kaurinta, a huda shi a tsakiya. Nan aikin yake. In hudar ta kauce ko da kaɗan, zane yana wani wuri, yanka ya faɗa wani wuri, an yi wahalar banza ke nan. Sa'an nan a sa ɗan sifirin ko soso a bayan alƙalamin, domin fuskar katako ba ta rasa tudu da kwari. In babu abin da zai ba shi sassauci, ko dai bakinsa ya murƙushe, ko ya riƙa tsallake.

Saura suna. Nan ne masu Hausa suka fi yin sakaci, su ari kalmar Turanci su ƙaƙaba, alhali harshen yana da ƙa'idarsa ta ƙirar sunan kayan aiki: a sa "ma" a gaban aikatau, a ƙare da "i". Daga buɗe aka sami mabuɗi, daga girbe magirbi, daga duba madubi. Daga riƙe kuwa sai mariƙi, kalmar da manomi ya riga ya sani. Ba a ce aro laifi ba ne. Ai shi kansa alƙalami daga Larabci ya zo, kafinta daga Turanci. Amma alƙalami ya shigo ne lokacin da babu mai maye gurbinsa. Mariƙi kuwa yana nan, kuma yaron shago da aka ce wa ya miƙo mariƙin alƙalami zai gane abin da ake nufi tun bai taɓa ganin injin ba.