Jariri da Sanyin Hunturu



Yau zancenmu kan jarirai ne. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kaɗawa da ƙura, daga Damagaram har Tawa. Lokacin nan mura da tari suna yawa. Babba ya yi mura, kwana kaɗan ya warke. Jariri kuwa hanyar numfashinsa ƙanƙanuwa ce. Mura tana iya sauka ƙirjinsa ta zama ciwon haƙarƙari, wanda ke kashe yara da yawa.

To, yaya za mu tsare shi?

Na farko, nono. Uwa ta ba shi nonon farko, wato dakashi, kada ta zubar. Akwai kariya cikinsa. Har wata 6 nono kaɗai ya ishe shi. Ba ruwa, ba zuma, ba jiƙo.

Na biyu, ɗumi. A sa masa hula da safa. Uwa ta riƙa kwantar da shi a ƙirjinta, jiki da jiki. Kada a yi masa wanka da asuba cikin iska. A jira rana ta fito.

Na uku, hayaƙi. Mun saba shiga da kaskon wuta ɗakin mai jego, mu rufe ƙofa. Hayaƙin itace yana ɓata huhun jariri. Garwashi kuma yana fitar da wata iska marar wari, mai kisa a rufaffen ɗaki. Maigida, kai ma kada ka sha taba kusa da ɗanka.

Na huɗu, ƴan barka. Ranar suna kowa yana so ya ɗauki jariri. Mai tari ko mura ya yi addu'a daga nesa, wannan ba raini ba ne. Mai ɗauka ya wanke hannu da sabulu. Uwa in ita ke mura, ta wanke hannu, ta rufe hanci da mayafi, ta ci gaba da shayarwa.

Na biyar, riga-kafi. Ana yin BCG bayan haihuwa. Sai a koma a sati 6, sati 10, da sati 14. Cikin alluran akwai na tarin shiƙa da na ciwon haƙarƙari. Kun koyi lambobi, ku duba kwanan wata cikin karnen yaro da kanku.

Yanzu ku ɗauki alli, ku rubuta 60 a allonku. In jariri yana kwance shiru, ku buɗe cikinsa, ku ƙidaya numfashinsa minti guda da agogo ko salula. In bai kai wata 2 ba, kuma numfashin ya kai 60, akwai hatsari. Daga wata 2 zuwa shekara guda, lambar 50 ce.

Ga sauran alamu: ƙasan ƙirji yana lotsawa sosai in ya ja numfashi, ya ƙi nono, jiki ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko yana sanƙarewa. Kun ga ɗaya daga ciki, ku kai shi likita nan take, ko da dare ne. Kada ku saya masa ƙwaya wurin mai talla. Maigida, in za ka yi tafiya, ka bar wa iyalinka izini da kuɗin mota.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya raya mana ƴaƴanmu. Sai sati mai zuwa.