Jawabi bisa ƙarfin jikin tsofaffin mata

 

A gari guda akan samu tsofaffi biyu, shekarunsu ɗaya. Guda tana daka, tana zuwa rijiya. Guda kuwa ba ta tashi daga tabarma sai an kama mata hannu. Sai mutane su ce: gado ne, haka uwarta ta yi. Akwai gaskiya cikin zancen, amma ba duka ba.

A shekara ta 1997, likitoci a birnin Landan na ƙasar Ingila sun bayyana awon da suka yi ma tagwaye mata masu yawa, waɗanda haila ta ɗauke musu. Don me tagwaye? Don Hassana da Usaina masu kama ɗaya, gadon jikinsu ɗaya ne. Aka gwada su da tagwaye marasa kama. Aka gano wajen rabin bambancin tsoka tsakanin mata daga gado yake. Ƙarfin ƙafa ma kusan rabi. Ƙarfin damƙar hannu kuwa, kashi 30 cikin 100 kaɗai. Sauran yana ga abinci, da aiki, da lafiya.

Tsoka tana raguwa da shekaru, tun ba bayan 60 ba. Amma zama ya fi cinye ta. A shekara ta 1990, a birnin Boston na Amurka, an bayyana yadda aka sa tsofaffi 10, maza da mata, masu shekara 86 zuwa 96, suna ɗaga nauyi da ƙafa har sati 8. Ƙarfin ƙafarsu ya fi ninki biyu. Ku ji fa, masu shekara 90!

Nan ne muke kuskure. Mukan ce: “Inna, zauna ki huta,” mu amshe mata tsintsiya, mu hana ta zuwa kasuwa. Ladabi ne, na sani. Amma ƙafar da ba ta aiki tana rauni, tsohuwa ta faɗi, ƙugu ya karye, ta kwanta wata da watanni. A rage mata kaya masu nauyi, a bar ta da tafiya da ƙananan ayyuka.

Kuma hura da tuwo kaɗai ba su gina tsoka. A ba ta wake, gujiya, ƙuli-ƙuli, nono, ƙwai, kifi in an samu. In haƙora sun zube, a dafa waken ya yi laushi, a daka mata ƙuli-ƙulin cikin miya.