'Yan'uwan da Ake Samowa a Makaranta

 Wanda kasuwa ta riƙe shi ranar da aka yi shirin, ga abin da muka faɗa.

Yau tafiyar da nisa, Amurka za mu. Amma kafin mu tashi, tuna ranar da ka fara kai shanu kara a garin da ba ka san kowa ba. Wa ya sauke ka? Wa ya ce maka, "Ba mahaucin nan bashi, in bai biya ba kuɗinka na wuyana"? Mai masauki ne. Ba uwa ɗaya ba uba ɗaya, amma ba don shi ba da ko akuya ba ka sayar ba. Riƙe wannan a ranka, a kansa zancen yake.

A jami'o'in Amurka akwai ƙungiyoyin ɗalibai maza da ake ce wa fraternity, wato 'yan'uwantaka. Mata ma suna da nasu. Sunayensu haruffan Girkanci ne, biyu ko uku, ka ji kamar ana karanta lambar mota. Ta farko, Phi Beta Kappa, an kafa ta a 1776, shekarar da Amurka ta shelanta 'yancinta daga Ingila. Galibi ƙungiya tana da gida kusa da makaranta, samari suna kwana a ciki, tukunya ɗaya, shekara uku ko huɗu. Ba kai kake shiga don ka ga dama ba. Sababbin ɗalibai su zagaya gidajen, 'yan gida su dube su, su kaɗa ƙuri'a. Wanda aka zaɓa sai ya yi makonni na gwaji, sannan a rantsar da shi a asirce, a koya masa kalmar sirri da irin musafahar da za su gane juna da ita. Yana biyan kuɗi duk zango. Kuma da an rantsar da kai, ka shiga kenan har mutuwa.

To me ake samu? Ribar ba a makaranta take ba, sai an fita. Babbar ƙungiya tana da rassa a jami'o'i fiye da ɗari. Yaro ya gama karatu ya sauka a birnin da bai san kowa ba, sai ya nemi tsofaffin 'yan ƙungiyarsa. Wani lauya ne, wani yana banki, wani yana majalisa. Ba su taɓa ganinsa ba, amma sun san gidan da ya kwana, sun san an tace shi kafin a karɓe shi. Sai ɗaya ya ɗaga waya ya ce, "Ga ɗan'uwana nan, ku duba takardunsa." Mai masauki kenan, sai dai nasu yana sanye da kwat.

Ga misali. George Bush ƙarami ya yi jami'ar Yale, har ya shugabanci reshen ƙungiyar Delta Kappa Epsilon, wadda mahaifinsa ma ɗan cikinta ne. A 1989 shi da wasu suka sayi kulob ɗin wasan besbol na Texas Rangers, kuma cikin manyan waɗanda suka zuba kuɗi akwai Roland Betts, ɗan gidansu a Yale. Bush ya sa kusan dala 600,000. Da aka sayar da kulob ɗin a 1998, rabonsa ya kai kusan dala miliyan 15. Kai ɗan kasuwa, buga wannan lissafin da sefa ko naira ka gani. Da ya zama shugaban ƙasa a 2001, jakadan da ya tura Sin, Clark Randt, shi ma ɗan gidan ne, kuma ya riƙe kujerar har 2009.

Kada ka ce ai wannan ɗan sarauta ne, ko ba ƙungiya zai samu. Gaskiyarka, ni ma na faɗi haka. Amma wasu masana tattalin arziki sun bi tsofaffin ɗaliban wata kwaleji guda a arewa maso gabashin Amurka, suka buga sakamakon a 2018. Sun gano shiga ƙungiya yana rage wa ɗalibi maki kaɗan, ga biki ga shaye-shaye, amma daga baya kuɗin da yake samu ya ƙaru da kusan kashi 36 cikin 100. Maki ƙasa, albashi sama. Kwaleji ɗaya ce, kada mu mai da ita duk Amurka, amma dai ta nuna inda abin yake: ba a littafi ba, a mutane.

Sai dai ƙofar da aka buɗe maka, wani aka rufe wa. Shekara da shekaru waɗannan gidaje ba sa karɓar baƙar fata, wasu ma a rubuce yake cikin dokokinsu. Baƙaƙen ba su tsaya roƙo a bakin ƙofa ba. A 1906 ɗalibai bakwai a jami'ar Cornell suka kafa tasu, Alpha Phi Alpha. Daga cikinta Thurgood Marshall ya fito, baƙar fata na farko da ya zama alƙali a kotun ƙolin Amurka, da Martin Luther King. A 1914 aka kafa Phi Beta Sigma a jami'ar Howard, kuma nan zancen ya taɓo mu, don Nnamdi Azikiwe na Najeriya da Kwame Nkrumah na Gana duk 'yan cikinta ne tun zamanin karatunsu a can. Kamala Harris kuwa 'yar ta mata ce, Alpha Kappa Alpha.

Ni abin da ya fi burge ni ba muƙamin ba ne, daɗewar zumuncin ce. An kashe King a 1968. 'Yan ƙungiyarsa ne suka ɗauko maganar a gina masa wurin tunawa a Washinton, suka yi ta bin majalisa, suna tara kuɗi, har aka buɗe shi a 2011. Shekara 43, yawancin waɗanda suka ƙarasa aikin ba su taɓa zama da shi ba. A ƙungiyoyin baƙaƙen, in ɗan'uwa ya rasu, tsofaffi da furfura sukan zo su jeru gaban gawarsa su yi masa bankwana irin nasu. Kai makiyayi ka san wannan. Wanda ya ba ka habbanaye lokacin da fari ya share maka garke, ka riƙe maruƙan ka mayar masa da uwar, ai jikokinka ma sun san sunansa.

Yanzu ga ɗacin. Makonnin gwajin nan, a wasu gidaje azaba ce: hana barci, duka, da ɗura wa yaro giya. Wani zai ce ai mu ma muna da shaɗi. To, shaɗi a fili ake yi, rana tsaka, ga manya a tsaye masu cewa ya isa. Nasu da dare ne, ƙofa a kulle. A Fabrairun 2017, a jami'ar jihar Pennsylvania, aka shayar da wani yaro ɗan shekara 19 har ya faɗo daga matakala. Waɗanda za su kira shi ɗan'uwa suka bar shi kusan awa 12 kafin su nemi taimako, suna tsoron abin da zai samu gidansu. Ya rasu. Sai a Disambar 2024 aka sa hannu a dokar tarayya da ta tilasta wa jami'o'i su riƙa bayyana irin wannan cin zali.

Mu dawo gida. A 1952 Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa ƙungiyar Pyrates a kwalejin jami'a ta Ibadan, da niyyar yaƙar ƙabilanci da girman kan 'yan boko. Daga baya wasu suka ɓalle, wasu suka kwaikwaya, har aka wayi gari da ƙungiyoyin asiri masu gatari da bindiga a jami'o'in Najeriya. Waɗannan ba aiki suke samo wa yaro ba, kuma fita daga cikinsu ya fi shiga wuya.

Da yawanku kun sayar da bijimi kun tura yaro jami'a. In ya bugo waya ya ce wasu sun gayyace shi ƙungiya, kada ka yi faɗa, kada kuma ka ce to. Tambaye shi ko hukumar makaranta ta san da ita. Tambaye shi da rana suke taro ko cikin dare. Sannan ka ce ya gaya maka sunan mutum ɗaya da ya taɓa cewa ya fasa, da abin da ya same shi bayan nan.

Sai wani makon, in Allah ya kai mu. Allah ya kiyaye hanya, ya tsare dukiya.