Lifidi da Sulke: Ado Ne Ko Tarihi?



A Ingila akwai ƙungiyoyin masu sha'awar tarihi da kan taru a Bosworth, su sa kayan ƙarfe, su kwaikwayi yaƙin da aka gwabza can a 1485. Kowannensu ya san rundunar da yake wakilta da sunan kowane makami da ke hannunsa. Mu ma muna da irin wannan. Duk wanda ya kalli hawan salla ya ga 'yan lifidi da 'yan sulke, to rundunar yaƙi ya gani, ba 'yan kwalliya ba.

Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Lifidi riga ce mai kauri da ake cusa wa auduga, ana sa wa doki da mahayinsa don kibiya kada ta huda. Ga nauyi, ga zafi, ga tsoron wuta, amma da ita barade ke tunkarar maharba.

Mu 'yan Wurno da Rabah da Goronyo, wannan gado ya fi shafarmu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa Wurno ne a matsayin ribaɗi, wato sansanin tsaron iyaka, don manomi ya yi shuka cikin kwanciyar hankali. Ya ci yaƙin Gawakuke a 1836, ya rasu a Wurno a 1837, kuma can kabarinsa yake. Dawakin wancan zamani aikinsu tsare rai ne. Mu da muka ga yadda 'yan bindiga suka kashe mutane a kasuwar Goronyo a 2021, ba sai an faɗa mana darajar ribaɗi ba.

A 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. Madalla. Amma mu nawa ne a ɗakin nan za su iya bambanta lifidi da sulke, ko su faɗi aikin zagi da na ɗan kwarbai?

Shawarata ita ce, in an yi hutu kowa ya nemi dattijon garinsu, maɗinki ko maƙeri ko tsohon barde, ya rubuta sunayen kayan da yadda ake yin su, ya kawo wa wannan mujalla. In muka yi sake, jikokinmu za su gaji rigar, su rasa labarinta.

Allah Ya ba mu zaman lafiya. Wassalam.