Ribar Mai Sana'a Daga Wurin Saye Take Farawa



An umurce ni in yi tsokaci a kan tsadar kayan aiki, matsalar da ta addabi teloli da dukawa da marina da masaƙa na wannan gari namu. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, sannan darajar naira ta faɗi, kuɗin mota da na zare da na yadi suka yi tashin gwauron zabo. Mai sana'a ya kan wuni yana aiki, amma idan ya yi lissafi sai ya tarar uwar kuɗi yake ci. Abin da nake so mu riƙe shi ne, riba daga wurin saye take farawa.

Da farko, mu daina sayen ɗai-ɗai. A ce teloli 20 ne kowa ya tashi ya tafi Kantin Kwari a Kano don ya sayo abin da bai taka kara ya karya ba. Kuɗin mota 20 ke nan, kuma kowa farashin 'yan kiri zai biya. Da za su haɗa kuɗinsu su wakilta mutum biyu amintattu, da sun yi sari a bandir, sun biya kuɗin mota biyu kacal. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na biyu, kowane kaya da lokacinsa. Auduga da kaka take araha. Bagaruwar da majema ke jima da ita da rani take nuna. Fata kuwa tana yawaita a Babbar Sallah, kuma wanda ya sa mata gishiri ya shanya ta a inuwa zai daɗe yana aiki da ita. Telan da ya bari sai azumi ya kama kafin ya nemi zare da maɓalli, ya shiga kasuwa a lokacin da kowa ke rububi. Adashin da muka saba, a tsara kwasarsa ta zo daidai da lokacin arahar kayan kowane mai sana'a.

Na uku, mu koyi tattali daga magabata. Marinan Ƙofar Mata ba su zubar da katsi, wato dagwalon da ke kwantawa a gindin karofi. Su kan busar da shi su ƙona, ya koma abin shafen rami da na gini. Guntayen fata su ne jakar kuɗi da igiyar takalmi. Ƙyallayen da tela ke sharewa sun isa cika matashin kai.

Amma ina jan kunne: araha ba ta ado. Rinin da zai zuba a wankin farko, ko zaren da ke tsinkewa a keke, asara ce ninki biyu, domin kaya sun lalace, mai saye kuma ya gudu. Fatar jar akuyar Sakkwato ta yi suna har Turai saboda inganci ne. Haka kuma a guji karɓar kaya bashi ba tare da an tsayar da farashi ba, kuma kowa ya tanadi littafin da zai riƙa rubuta abin da ya saya da abin da ya sayar.

Daga ƙarshe, ina roƙon ƙungiya ta kafa kwamitin sayen kaya na haɗin gwiwa kafin azumi mai zuwa, a yi masa rajista a matsayin ƙungiyar gama-kai, a kuma samar masa ɗakin ajiya. Yaron da ya ga ubansa yana samu ba zai guje wa sana'ar gado ba.

Allah ya albarkaci nemanmu.