John Ross, shugaban Ceroki: ya ci shari'a, ya rasa ƙasa



Jawabin yau a kan John Ross ne, wanda ya shugabanci Ceroki, ɗaya daga cikin ƙabilun asali na Amurka, daga 1828 har rasuwarsa a 1866.

Lokacin da aka zaɓe shi, Ceroki suna da rubutun harshensu, da tsarin mulki na 1827, da majalisa, da jarida mai suna Cherokee Phoenix. Sai aka gano zinariya a ƙasarsu, jihar Jojiya ta ƙwallafa rai a kanta. A 1830 shugaba Andrew Jackson ya sa hannu kan dokar kwashe ƙabilun asali zuwa yammacin kogin Misisipi.

Ross bai ɗauki bindiga ba, shari'a ya dogara da ita. A 1832 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa dokokin Jojiya ba su da hurumi a ƙasar Ceroki. Jojiya ta yi kunnen uwar shegu, Jackson kuma bai tilasta mata ba.

Nan ɓaraka ta kunno kai. Waɗansu, har da Elias Boudinot, editan jaridar, suka ce tashi ya zama tilas, gara a yi ciniki tun ƙasar tana da daraja. Ross ya hana a buga wannan ra'ayi, Boudinot ya yi murabus. Muhawarar da aka hana a jarida ta koma bayan fage. A watan Disamba na 1835 ƴan tsirarun suka sa hannu kan yarjejeniyar New Echota, suka sallama ƙasar kan dala miliyan 5. Ross ya kai Washinton takardar koke mai sunayen mutum kimanin 15,000, amma Majalisar Dattawa ta amince da yarjejeniyar. Ƙuri'a ɗaya tak ta raba gardama.

A 1838 soja suka tattara Ceroki, aka kora su yamma, inda jihar Oklahoma take a yau. An ƙiyasta mutum 4,000 suka mutu, cikinsu har da matar Ross. A watan Yuni na 1839 waɗansu Ceroki suka kashe Boudinot da manyan abokan tafiyarsa biyu.

Ross ya sake kafa gwamnati a Tahlequah, jama'arsa suka yi ta zaɓensa har ƙarshen ransa. Tarihinsa ya nuna abu biyu. Hukuncin kotu takarda ce kurum in mai iko ya ƙi zartar da shi. Shugaban da ya rufe bakin ƴan adawa kuma, ko da gaskiya tana wajensa, ya tsaga bangon gidansa da hannunsa, ƙadangare kuwa ba ya jiran gayyata.