Wa ke auna ruwanmu, kuma da kuɗin wa?

Matasan Arlit da Akokan.

A 1971 Somaïr ta fara haƙo uraniyom a nan. Cominak ta fara a 1978, ta rufe ranar 31 ga Maris 2021, ta bar mana tulin sharar ma'adini kusan tan miliyan 20 a bayan gari. Tambayata: wa ke auna ruwan da muke sha da iskar da muke shaƙa?

A Disamban 2003, ƙungiyar Aghirin'man ce ta gayyato masanan CRIIRAD daga Faransa, aka riƙe na'urorinsu a Yamai. A 2009 Greenpeace ta zo, ta gano tururin ma'adini mai yawa a titunan Akokan. Baƙi ne ke zuwa su auna mana, alhali muna da jami'a a Agadez, muna da makarantar EMAIR, gwamnati kuma na da asusun tallafa wa binciken kimiyya, FARSIT.

Bincike kuɗi yake ci: na'ura, mota, gwajin ruwa, alawus ɗin ɗalibi. To kuɗin fa? Dokar ma'adinai ta 2006 ta ware kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar ma'adinai ga ƙananan hukumomin jihar da ake haƙowa. Cikinku wa ya taɓa ganin lissafinsu a manne a ofishin magajin gari?

Ku tuna 2017, da jaridar Le Courrier ta fitar da takardun tura kusan dala miliyan 320 daga asusun Sopamin zuwa Dubai a 2011. Mahukunta suka ce ciniki ne halal, kwamitin majalisa ya wanke su. Amma shekara fiye da biyar aka yi kafin talaka ya ji labarin. In kuɗi irin wannan na iya wucewa shiru, ina ga ɗan kasafin bincike?

A Yunin 2025 gwamnati ta karɓe Somaïr. Yanzu lissafin na gida ne, ba sauran fakewa da baƙo.

Abu uku nake so mu nema, a rubuce. FARSIT ta riƙa bayyana wanda ta ba kuɗi, nawa, kan wane aiki. Ƙananan hukumomi su manna lissafin kashi 15 ɗin nan kowace shekara, a ware wani abu don gwajin rijiyoyi. Sakamakon gwajin kuma a karanta shi a rediyo da Hausa da Tamashek.

Ku je ofishin ƙaramar hukuma ku yi tambaya cikin ladabi, ku riƙe kwafin wasiƙarku, daga baya ku koma da ita.